Tsirkiyar Gwiwar Hannu

A jifa ta goma sha ɗaya na ji ta.
Ba ƙarar da 'yan kallo za su ji ba ce,
ɗan ƙas ne, kamar tsirkiyar gurmi ta tsinke a ɗaka.
Ƙwallon ta tafi inda ban aike ta ba.
Istifanus, yana tsugune, ya cire ragar fuskarsa,
ya riga ni ganewa.

Wasan nan namu ba shi da dangi a Kaduna.
Mu goma sha biyu ne a gefen Dandalin Murtala,
sandar bugu uku, safar cafe ta gwanjo.
Mai wucewa ya ce, kurket ne? Mu ce besbol.
Ya ce Allah ya kyauta, ya ja babur ɗinsa.
Amma ni a nan na san abin da hannuna ya zo yi duniya.

Dakta Lantana ta ɗaga hoton ga hasken taga,
ta ɗora bakin biro: nan ce.
Rabi ya tsinke, rabi na riƙe da kai don kunya.
Hanya biyu ce, Haladu.
Hutu da gashi da motsa jiki, wata huɗu,
wataƙila ta ɗauka, wataƙila ta yaudare ka.
Ko kuwa wuƙa:
a zaro jijiya daga tsintsiyar hannunka,
a huda ƙashi, a zura ta kamar ɗinkin baduku,
shekara da rabi ko dutse ba ka jifa.

Koci Yayok ya ce, gasa saura wata biyar,
wa zan tsayar a kan tudun nan in ba kai ba?
Inna ta ce akwai mai ɗori a Rigasa,
da ƙafarka za ka kai kanka a yanka ka?
Kwana tara ina juya maganar
kamar masa a tanda, ko'ina na ƙuna.

Ranar Talata na bi ta Panteka.
Baba na durƙushe kan gindin wata tirela.
Bai ɗago ba. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen da guduma,
ya ce saurara, ka ji yadda yake amsawa?
Mai tsaga ne. Mai motar fenti yake so in shafa.
Fenti zai kai shi Mararraba,
ranar da ya ɗauko siminti a gangaren Kagoro zai sani.
Bai ce mini komai game da hannu ba.
Ya sauke gilashinsa, wuta ta tashi.

Ba zafin nake gudu ba.
Abin da na ƙi shi ne in tsaya kan tudu
ina jifa ina sauraron gwiwata,
rabin zuciya ga mai sanda, rabi ga tsirkiya.
Mai jifa da tsoro ya riga ya ba da gida.

Na sayar da babur. Yaya Talatu ta cika da kuɗin adashi.
Na sa hannu a takardar da daman nan,
aikinta na ƙarshe kafin a kwantar da ita.
Koci bai amsa sallamata ba sati biyu,
sai ga shi asibiti da ledar lemo.

Yanzu ina koyon hagu kamar ɗan yaye,
cokali na kuskure baki, maɓalli na guje mini.
Wani yaro, Zakka, shi ke kan tuduna,
an ce jifarsa na da gudu, ba ta da ladabi.

Istifanus ya bar mini tsohuwar ƙwallo kan gado.
Da dare ina bin jan zarenta da babban yatsa,
ɗinki ɗari da takwas.
Nawa goma sha huɗu ne.
Gobe, in ji Dakta, za a gwada miƙewa kaɗan.